Satar Kwalbar Mai Koren Ido

Da safiyar Litinin aka gano an taɓa Mai Koren Ido, kuma kafin shayin hantsi ya huce, tsofaffin ma'aikatan masaƙar Kusumpur sun riga sun gama yanke hukunci.

Mai Koren Ido tsohuwar na'urar kwamfuta ce, allo mai ƙatuwar ƙeya da madannai masu nauyi. Shekara goma sha tara ta yi a ofishin awo tana rubuta nauyin dilolin rama da koren rubutu. Da aka rufe masaƙar, aka kwashe injunan saƙa buhun algarara zuwa wurin 'yan gwangwan, ita kaɗai ƙungiyar ma'aikata ta ƙwato ta ajiye a zaurenta. Yanzu wata kwaleji ta roƙa a ba ta don gidan tarihinta, kuma ranar Alhamis za a zo ɗauka. Sakataren ƙungiya, Bhabatosh Laha, ya kunna ta don gwaji, sai ji ya yi tas! Ƙauri ya tashi, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Da ya leƙa baya, ya tarar an karya hatimin dalmar da ke kan murfi.

Makullin zauren kuwa hannun mutum ɗaya yake: Sobrati Ansari, maigadi, mutumin Chhapra, wanda ya shekara talatin da huɗu a ɗan ɗakin da ke bayan zauren.

"Laraba da la'asar kwamiti zai zauna," in ji sakataren, wanda ake kira Bhabatosh-babu don girmamawa. "In ba wani aka samu ba, ya kwashe komatsansa ya bar mana ɗaki. Sauran bayani ya yi wa 'yan sanda."

Mutanen nan fa, Sobrati ne ya goyi 'ya'yansu ya tsallake da su ruwa shekarar ambaliya. Amma haka suke, ba su da wuyar mantuwa.

*

Gouranga Dhara ya iso a jirgin fito na ƙarfe goma sha ɗaya, da jakar kayan aiki a kafaɗa da lema a hammata. Shekararsa saba'in, hamsin daga ciki ya yi su yana leƙa cikin rediyo da talabijin. A duk bakin kogin Hugli an san Gour-da, wato Yaya Gour, da abu guda: ba ya tsayawa a kan abin da ya lalace, sai ya bi sawun hannun da ya lalata shi. In ya buɗe na'ura zai gaya maka ko bahago ne ya taɓa ta, ko mai gaggawa, ko wanda ya yi faɗa da matarsa da safe.

"Ka dai tsufa, Bhabatosh," ya ce yana ajiye jaka. "Ina gashin da kake shafa wa man kwakwa?"

"Ba gashi na kira ka dubawa ba, Gour-da."

"Gara haka, don ba abin da zan gani."

Bai fara da sukundireba ba. Sai da ya tsaya a gaban allon, ya sa aka buɗe taga, ya karkata kai yana duban gilashin ta gefe. Nan take murmushinsa ya ɗauke.

Duk wanda ya yi aiki da irin waɗannan na'urori ya sani: rubutun da ya daɗe a wuri ɗaya yakan ƙone a jikin gilashi, ya bar inuwa ko an kashe wuta. Mai Koren Ido tana da inuwa biyu. A sama, sunan masaƙa. A ƙasa, layin da mai kula da ita ya sa mata tun ranar farko, cewa in ta lalace a kira N. Adak a ɗakin gyara. Nilmoni Adak ke nan, yayan Gour a wurin koyon sana'a, wanda ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Duk zuwan Gour zauren nan sai ya gaida wannan inuwar a zuciyarsa.

Yau gilashin fes yake, ko tabo babu.

"Wannan ba kwalbarta ba ce," ya ce a hankali, yana nufin ƙatuwar kwalbar gilashin da rubutu ke fitowa a fuskarta. "An cire ta asali, an sa wata."

"Sata ke nan!" Bhabatosh-babu ya buga tebur. "Ba ɓarna kaɗai ba, sata! Ai kuwa ranar Asabar mai shayi ya ga Sobrati ya fita da buhu a rungume kamar jariri."

Gour ya so ya ciji harshensa. Ya zo ne ya wanke abokinsa Sobrati, ga shi da bakinsa ya ƙara tura shi rami.

*

Ya tarar da Sobrati a ƙofar ɗakinsa yana ɗaure akwatin ƙarfe da igiya.

"Ina zuwa, Sobrati-bhai?"

"Inda aka ce, Gour-da. A Chhapra dai ba wanda ya rage da ya san ni, amma tasha tana da rumfa."

"Me ke cikin buhun Asabar?"

"Kaya."

"Kayan wa?"

Sobrati ya ja igiya ya ƙulle. "Ka sha shayi?"

"Haba, mutumin kirki! Ɗaki za su ƙwace maka, su haɗa ka da 'yan sanda, kai kana zancen shayi? Ko ƙwan lantarki ba ka iya canjawa sai ka yi bismillah sau uku. Na san ba kai ka buɗe ta ba. Wa ka buɗe wa ƙofa?"

"Wallahi ban saci komai ba," in ji Sobrati. "Iyakar abin da zan faɗa ke nan, yau da gobe da jibi."

Gour ya fita ransa a ɓace. Taurin kan mutumin nan tun farkon saninsu yake ba shi haushi, kuma saboda shi ɗin ne yake ƙaunarsa.

*

Wanda ya fara zuwa ransa shi ne Dulal Pakhira, tsohon mai gyaran wutar masaƙa. Kowa ya ji shi a taro yana cewa gara a jefa na'urar a kogi da a ba 'yan kwaleji. Ranar Talata Gour ya same shi a rumfar shayi yana cin muri, wato gugurun shinkafa, da yankakkiyar albasa.

"Ni?" Dulal ya ƙyalƙyale da dariya har ya shaƙe. "Gour-da, ka manta ranar da kwalbar talabijin ɗin manaja ta jefar da ni ƙarƙashin tebur? Tun ranar ko bayan rediyo ba na leƙawa. Kuma duba nan."

Ya ɗaga kofin ƙasa. Hannun yana rawa, shayi na zuba a kan yatsunsa.

"Da wannan zan kwance kwalba? Ka je ka tambayi sakatarenka. Watan jiya wani mai dogon gashi ya zo daga Kalkata da kyamara, mai tara tsofaffin kaya. Sun fi awa ɗaya a zaure su biyu."

Gour ya bi wannan sawun har rana ta karkata, ya tashi a tutar babu. Mai dogon gashin ya zo ɗin, ya kuma yi tayi, amma Bhabatosh-babu ya kore shi har bakin titi yana zaginsa da Turanci, mata masu ɗiban ruwa a famfo suna kallo. Sakataren mai faɗa ne, mai son a gan shi a jarida, amma ba ɓarawo ba ne. Kuma wane ɓarawo ne zai saci tsohuwar kwalba mai tabo ya bar sabuwa a madadinta?

A hanyar komawa ya biya ta gidan Kanaklata, matar marigayi Nilmoni. Ita ce ta yi shekara goma sha tara tana buga madannan Mai Koren Ido, kuma har yau duk Asabar takan je ta goge mata ƙura. Ta fito cikin farin sari na zawarawa, ta ajiye masa shayi da biskit biyu.

"Boudi," ya kira ta yadda ake kiran matar yaya, "ranar Asabar kin ga wani abu?"

"Na goge ta, na fito." Ta gyara bakin sari. "Gour, gaskiya ne za su kore shi?"

"Gobe da la'asar."

"Ba za su yi ba. Bhabatosh baki ne kawai gare shi."

"Ya riga ya rubuta wa 'yan sanda takarda, Boudi. Na gan ta."

Sai suka koma hirar da: jiniyar ƙarfe shida da take tada unguwa, dubban kekuna a bakin ƙofar masaƙa, ranar da aka kawo na'urar a akwatin katako manaja ya hana kowa shiga ofis da takalmi. Ta tuna masa yadda Nilmoni yake hana ta shan shayi kusa da madannai, wai ita ce za ta kashe masa 'ya. Suka yi dariya, dariyar ta ƙare da share ido. Gour ya fito zuciyarsa cike da kewar mutanen da ba za su dawo ba.

*

Da sassafen Laraba ya kulle kansa a zaure, ya cire murfin na'urar, ya sauke ragowar wutar da ke cikin kwalba kamar yadda aka koya masa, sannan ya sa tabarau ya fara karanta aikin.

Aiki ne mai tsafta. An ƙara ƙusoshi huɗun a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, don kada gilashi ya takura. An tattara wayoyi an ɗaure su da zare mai kakin zuma, ƙulli biyu da wutsiya gajeriya. Gour ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wannan ƙullin Nilmoni ne. Amma zaren sabo ne, kakin ko ƙura bai kama ba.

Ya ɗaga murfin robar da babbar wuta take shiga kwalba ta cikinsa. A gefensa ya ga baƙin layin ƙuna, siriri, ya gangara har jikin ƙarfe. Nan wutar ta tsallake. Ya sa farin ƙyalle ya goge bakin layin, ya duba ƙyallen.

Ja ne. Ja mai duhu, da maiƙo.

Ya shinshina, ya ji man mastad. Sai ya zauna a benci. Muryar Ostad Jogen, maigidansu shi da Nilmoni, ta dawo masa kamar jiya aka yi, har da zafin ƙotar sukundireba a bayan hannu.

Daga nan ya wanke wurin tas, ya busar, ya canja 'yan ƙananan abubuwa biyu da suka ƙone, ya mayar da murfi. Bai kunna ba.

*

La'asar na yi zauren ya cika. Tsofaffi a kan benci, Bhabatosh-babu a tebur da takardarsa, Dulal a bakin taga, Kanaklata a layin mata. Sobrati yana tsaye a ƙofa, don ba wanda ya ce ya zauna.

Gour ya danna makunni. Na'urar ta yi ɗan kuka siriri, ta ɗauki lokacinta kamar yadda ta saba, sai ga ɗigon kore ya fito a kusurwa yana ƙiftawa. Zauren ya yi tsit. Wani tsoho ya haɗa tafukan hannu a goshi.

"Ta tashi," in ji Bhabatosh-babu, muryarsa ta yi laushi kafin ya tuna shi wane ne. "To, saura ɓarawo."

Gour ya ɗaga ƙyallen. "Wa ya san wannan?"

"Sindur ne," in ji Dulal, wato jan garin da matan aure ke sawa a goshi. "To sai me? Duk shekara ranar bikin Bishwakarma, ubangijin masu sana'a, muna ɗiga mata a goshi, mu rataya mata fure, kamar kowane kayan sana'a."

"A goshi, ƙwarai. Wannan kuwa a cikin cikinta na same shi, a jikin sabuwar kwalba. Bhabatosh, Sobrati ne zai kwaɓa sindur da mai ya sa wa na'ura albarka? Mutumin da ke salla biyar a ƙofar nan kana wucewa kana ganinsa?"

Sakataren ya sunkuyar da kai kan takardarsa.

"A shagon Ostad Jogen kaɗai ake wannan," Gour ya ci gaba. "Duk sabon abin da ka sa wa na'ura, sai ka ɗiga masa kafin ka ba shi wuta, kuma a ciki, inda mai kaya ba zai gani ba. Yakan ce albarka ba talla ba ce. Amma akwai sharaɗi: yatsu huɗu nesa da murfin roba. Sindur na da, na gaske, da dalma a cikinsa. Ka haɗa shi da mai da laimar damina, ka sa shi a bakin murfi, ka yi wa wuta hanya ke nan. Ni na sha duka a kan yatsu huɗun nan. Wanda ya yi aikin nan bai sha ba. Ya ga ana ɗigawa, amma ba a taɓa dukansa a kan wurin ɗigawar ba."

"Almajiran Jogen ai ku biyu ne," in ji Dulal. "Kai da Nilmoni. Ko dai kai ne, Gour-da?"

"Da ni ne da ba ta ƙone ba, sakarai. Ƙullin da ke ciki na Nilmoni ne. Hannun Nilmoni ne ya yi aikin nan."

"Mamaci?"

Gour bai dubi kowa ba. Ƙasa yake kallo, yana jin kamar shi ne mai laifin.

"Ni nake riƙe masa fitila."

Kanaklata ce ta miƙe. Hannunta na kan kafaɗar ta kusa da ita.

"Shekara ashirin da shida ina riƙe masa fitila yana aiki. Duk abin da yatsunsa suka yi, idona ya haddace. Sabuwar kwalbar tana cikin akwatinsa tun masaƙa na aiki, ya ajiye ta don ranar da ta farko za ta mutu. Na ce in na sa musu sabuwa, wa na cuta? 'Yan kwaleji na'ura suke so. Ni sunansa nake so." Ta dubi ƙyallen da ke hannun Gour. "Sindur ɗin nawa ne, na aurena. Tun ranar da aka goge min shi daga goshi ban buɗe gwangwanin ba sai ranar Asabar. Ba zan iya zuwa kanti in saya ba, a ce me bazawara za ta yi da shi. Sobrati ƙofa kawai ya buɗe min, ya ɗaukar min buhu don ya fi ƙarfina. Bai tambaye ni komai ba."

Ta juya wajen ƙofa.

"Kwana uku ina cewa Bhabatosh zai huce, ina ɓoye a bayanka. Kunya ce ta hana ni. Ka yafe min, Sobrati-bhai."

"Didi, zauna," in ji Sobrati, yana kiranta yadda ake kiran babbar yaya. "Ƙafarki na ciwo."

Bhabatosh-babu ya yi ta jujjuya takardar 'yan sanda a hannu. "Amma dai kayan ƙungiya ne. A ƙa'ida, kwalbar asali..."

"Kai, rufe mana baki da ƙa'ida!" Dulal ya daka masa tsawa. "Wa ya zauna gaban gilashin nan shekara goma sha tara har idonta ya lalace? Kai? Su ɗauki mai aiki su tafi, ta riƙe mai suna. Wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu in gan shi."

Ba hannun da ya tashi. Sakataren ya ninke takardar biyu, ya ƙara ninkewa, ya cusa a aljihu. Sannan ya tashi, ya ɗauki kujerarsa da kansa ya kai bakin ƙofa.

"Sobrati, zauna. Ɗakinka naka ne. Na yi gaggawa." Ya yi gyaran murya. "Na yi kuskure, a gaban kowa nake faɗa."

Tsofaffin da suka gama yanke hukunci tun Litinin sai ga su suna rige-rigen cewa dama su ba su taɓa yarda ba. Gour ya haɗa kayansa.

*

Sobrati ya raka shi mashigar jirgi, ya karɓi jakar ya rataya duk da Gour ya hana. Rana ta yi ja a kan kogi, dogon bututun hayaƙin masaƙa yana tsaye a bayansu, ciyawa ta tsiro a bakinsa.

"Yanzu gaya min," in ji Gour. "Da ban ga jan nan ba fa? Da yanzu kana ofishin 'yan sanda, gobe kana kwana a tasha. Kalma ɗaya za ka faɗa ka tsira. Wane irin wauta ne wannan?"

"Na san abin da ke cikin buhun, Gour-da. Bakinsa ya buɗe a hanya, na ga rubutun."

"Shi ya sa nake tambaya."

Sobrati ya sauke jakar a kan dakali.

"Ka tuna Rabiya?"

"Matarka? Ƙwarai. Mai yi mana taliyar sewai mai zaƙi ranar Idi."

"Yaya fuskarta take?"

Gour ya lalubi fuskar a ransa, bai same ta ba.

"Ni ma haka," in ji Sobrati. "Shekara ashirin da biyu da rasuwarta. Ba mu taɓa ɗaukar hoto ba, kullum sai mu ce sai Idi mai zuwa. Ba ta iya rubutu ba, ko sunanta ba ta bar min a takarda ba. Ina tuna muryarta, ina tuna tarinta, amma in na rufe ido in ga fuskar, ba ta zuwa. Didi ta sami abin da za ta riƙa kallo. Ni ne zan sa a ƙwace mata?"

Jirgi ya yi ƙaho. Sobrati ya ɗauki jakar ya miƙa masa.

"Shiga, Gour-da, kada ya tafi ya bar ka."